Injin ɗumama gida mai jan zafin ƙasa yana mutuwa da asuba

Masana wannan aiki, a taimaka don Allah. Gida ne a jihar Minesota ta Amurka, inji tan 3 (ma'aunin ƙarfin ɗumamawa ne, ba nauyi ba), rijiyoyi uku masu zurfin ƙafa 200, rufaffen bututu da ke zagayawa tsakanin rijiyoyin da injin, mai ruwa gauraye da gilaikol, sinadarin hana daskarewa. Sanyin asuba na tsananta sai ya kashe kansa, fitilar kariyar daskarewa ta kama. Ruwa na shiga injin da digiri 34 na Farenhait, ya fita da 24. Wannan tazara ta yi yawa, alamar ruwan ba ya gudu sosai. An canza famfon tura ruwan, ba ta sauya zani ba. Matsin bututu ya sauka daga 50 zuwa 15, kuma ana jin ƙulu-ƙulu a ciki. Iska ce ta maƙale ko yoyo ne a ƙarƙashin ƙasa? Yaya ake rarrabewa ba tare da tono ba?