Hazon hunturu da tarin 'yata: sauyin yanayi ne ko ƙura ce?

Mai Ƙosai, Kusuri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina suyar ƙosai a bakin hanyar da ta nufi gadar Ngeli, tun kafin asalatu nake hura wuta. Tunda hunturu ya shigo ƙaramar 'yata ba ta samun barci, tari take yi har ƙirjinta na kuka, a asibiti sun ce alamar fuka ce. Da safe ko Njamena da ke tsallaken ruwa ba ma hangowa. Ƙanena ɗan jami'a ya ce sauyin yanayi ne, hayaƙin masana'antun Turawa ne ya iso mu. Inna kuma ta ce tun tana yarinya haka hazo yake. Wa ke da gaskiya? Kuma don Allah me zan yi wa yarinyar nan?

Malamin Kimiyya, Garwa:

Wa alaikumus salam Yaya, Allah Ya ba ta lafiya. A maganar hazo Inna ce da gaskiya. Ƙura ce, kuma an san inda take tasowa: kwarin Bodele, a arewacin Chadi, kudu maso yammacin garin Faya. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kanmu daga Nuwamba zuwa Maris. Wani ma har ya ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon, ya zame wa itatuwan can taki.

Ƙaninki ma bai yi ƙarya ba, abu biyu ya haɗa wuri ɗaya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Kabon dayoksaid, mai riƙe zafin rana, 'yar kaɗan ce, amma ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba kuma ita ke sa 'yarki tari ba. Aikinta a zafin bazara ake ganinsa, da ruwan sama mai saukowa da yawa lokaci guda. Ke da kike Kusuri ba sai na ba ki labarin cikar kogunan Logon da Shari a 2022 da 2024 ba. Abin da ke ci mini rai shi ne duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan iska a shekara.

Mai shiga ƙirji kuwa ƙananan ɓurɓushi ne da ake kira PM2.5, sun fi silin gashi sirantaka kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, har cikin huhu suke zarcewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsu a shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska. A rahoton 2022 na IQAir, kamfanin da ke auna ingancin iska, Chadi ta kai 89.7, ita ce kan gaba a duniya. Kuma ba ƙurar Bodele kaɗai ba ce, hayaƙin itacen murhunki ma irin ɓurɓushin nan ne, ga shi a dab da hancinta.

Ɗan Kilando (mai babur ɗin haya), Njamena:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Mu da ke wuni a kan titi mun san bambanci. Ƙura tana busar da maƙogwaro, amma abin da ke sa ido hawaye shi ne bayan magariba, lokacin da ake cinna wa bola wuta, da leda da tsofaffin tayoyi, ga hayaƙin baburan da ke shan man kwalba. Abin da ban gane ba, me ya sa da asuba hayaƙin ba ya tashi sama? Sai ka gan shi kwance a kan unguwa, daidai tsayin mutum.

Malamin Kimiyya, Garwa:

Ɗan'uwa, ka lura da kyau. A daren hunturu ƙasa tana saurin hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk abin da aka ƙona yana nan maƙale har rana ta ɗaga. Lokacin ne kuma Yaya take suya.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:

'Yar'uwa, kada ki riƙa fita da ita wurin suya da asuba. Ki bar ta wajen Inna sai hantsi. In dole ne, ta zauna ta inda iska ke fitowa, nesa da murhu, kuma kada ki goya ta kina kan wuta. Itace ya zama busasshe, kuma ki daina hura wuta da leda. Ɗaki a yayyafa ruwa kafin shara. Maganin shaƙar da aka rubuta mata ya kasance kusa da ke, dare da rana.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaskon gawayi a ɗaki a rufe saboda sanyi. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma jini yana kama shi fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Yana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta ya zarce. A ji ɗumi a tsakar gida, a bar kaskon a can. Sannan lokacin sanƙarau ne: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye, ba jira.

Mai Ƙosai, Kusuri:

Innalillahi! Kullum da kasko muke kwana, ni da yara. Daga yau a waje zai kwana. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, takunkumin tsumma da nake ɗaura mata yana da amfani?

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:

Yana rage manyan ƙwayoyin ƙura, amma ƙananan suna wucewa. In ba ta kai shekara 2 ba kada ki sa mata kowane iri. In kika ga tana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja iska, ki kai ta asibiti ko tsakar dare ne.