Masu saye na cika kwando su ɓace a wurin biya, me zan gyara?

Hajiya Mai Turare, Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan kanti a intanet, turaren wuta da humra da abaya nake sayarwa, kuma yawancin masu sayena da waya suke shigowa. Mutum zai zuba kayan riyal 200 a kwando, ya iso shafin biya, sai a neme shi a rasa. Wasu su biyo ni WhatsApp su ce abin ya ƙi. Da me zan fara?

Mai Gina Shafuka, Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da lissafi. Wanda ya ga 200 a kwando, ya zo ƙarshe ya tarar da 25 na aike da 15 na biya a hannu in kaya sun iso, ya ga 240, ji zai yi an yi masa rufa-rufa, ko da kuɗin ba su fi ƙarfinsa ba. Tun a kwando ki tambayi garinsa, ki nuna masa kuɗin aike da kwanakin da kaya za su ɗauka. In kina da rajistar harajin VAT, wanda ya koma 15 cikin 100 tun Yulin 2020, farashin da ke jikin kaya ya zama da harajin a ciki.

Kowane kaya a kwando ya fito da hotonsa, launinsa da girmansa. Abaya mai girma 54 da mai 56 kusan kamarsu ɗaya a hoto, in ba a rubuta ba mai saye za ta koma baya dubawa, daga nan kuma ba lallai ta dawo ba. Kada ki tilasta wa kowa buɗe asusu da kalmar sirri kafin ya biya. Lambar waya ta isa.

Malamin Kwamfuta, Madina:
Hajiya, waɗanda ke cewa abin ya ƙi, ina kyautata zaton gurbin lambar waya ne. Lambar waya a nan Saudiyya 05 ce da lambobi 8 a bayanta, amma wani zai rubuta +966, wani 00966, wani ya bar tazara a tsakani. Wanda kuma wayarsa ke kan Larabci ٠٥ zai buga, shafin ya ce ba lamba ba ce, shi kuwa yana ganin daidai ya rubuta. Ki sa wanda ya haɗa miki kantin ya karɓi duka, shafin ya daidaita su da kansa. In an yi kuskure, jan rubutun ya fito ƙarƙashin gurbin da matsalar take, kuma kada ya goge sauran abin da aka cike.

Sai adireshi. Bar tambayar titi da unguwa da lambar gini ɗaya-ɗaya. Adireshin ƙasa, wato wanda hukuma ke ba gine-gine a Saudiyya, yana da gajeriyar siga, haruffa 4 da lambobi 4, ita ce za ta cike sauran. Ki ƙara gurbi guda na kwatance, domin mai kai kaya a lungunan Shara Mansur da ke Makka ya fi gane "bayan masallaci, ƙofa kore" a kan komai.

Hajiya Mai Turare, Makka:
Allah ya saka da alheri. To biya a hannu fa, in cire shi? Kayan da ake dawo min da su sun yi yawa.

Yaya Mai Lissafi, Riyad:
Kada ki cire shi gaba ɗaya, ƙanwata, akwai matan da ba su da kati a hannunsu. Ki sa masa iyaka, misali kada ya wuce riyal 300, kuma a tabbatar da oda ta saƙon waya kafin ki ɗaure kaya. A saman jerin hanyoyin biya ki sa mada, wato katin bankunan Saudiyya, da Apple Pay, wato biya ta wayar iPhone, shi na biyun yana hutar da mutum buga lambobin kati 16. Tabby da Tamara, masu raba biya kashi-kashi, sun dace da abaya mai tsada, amma kason da suke cira ya fi na mada, ki lissafa ribarki tukuna.

Ga wani abu da ake mantawa. Lokacin da banki ya turo lambar tabbatarwa, mai saye yakan fita ya duba saƙo, ya dawo ya tarar shafin ya sake buɗewa, kwando wayam. Kwandon ya riƙe kayansa ko da kwana 7 ne. Maɓallin biya kuma ya kulle da zarar an danna shi sau ɗaya, in ba haka ba mai raunin intanet zai danna sau biyu, a cire masa kuɗi sau biyu. Ki karɓi wayar wani a gida, ki kashe wayifai, ki yi odar humra kwalba ɗaya tun daga farko har rasit ya shigo, ki rubuta duk inda kika tsaya kina jira.