Sigar da nake naɗawa ba ta zuƙuwa

Salamu alaikum, masana harkar. Ina naɗa sigar ganye (tabar da ake naɗewa da ganyen taba zalla) irin ta Kuba, tsawonta inci 5. A ciki nakan sa ligero (ganyen saman shukar taba) ɗaya a tsakiya, seco (ganyen tsakiyar shukar) biyu, volado (ganyen ƙasanta) ɗaya, in ɗaure da ganyen ɗauri, in matse a mazubin katako minti 45, in juya, in ƙara 45.

To ga matsalar: ba ta zuƙuwa, kamar an toshe ta kusa da wajen da ake sawa a baki, wuta kuma gefe ɗaya take ci. Na rage ligero zuwa rabi, shiru. Danshin ganyen cikin ne ya yi yawa, tunda a kashi 70 nake ajiye shi, ko murɗe shi nake yi wajen tarawa? In na bar ta ta sha iska kuwa, hunturun nan sai ya tsaga ganyen rufin. Don Allah a taimaka.