A gaban mutane bakina kan mutu, a WhatsApp kuwa ba na iya yin shiru

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi a Nijar, kuma tun ina ƙarami, da zarar mutane sun taru sai harshena ya yi nauyi, har gaida surukan yayana yakan gagare ni. Amma a WhatsApp nakan raba dare ina hira da wanda ban taɓa gani ba, in faɗa masa unguwarmu da sana'ar mahaifina da duk abin da ke damuna. Yanzu ɗaya daga cikinsu ya nemi hoton katina na ɗan ƙasa, wai zai sa sunana cikin masu neman tallafin karatu. In tura masa? Kuma yaya zan rage wannan kunya?

Malamar Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tura. Katin yana ɗauke da cikakken sunanka da ranar haihuwarka da hotonka, kuma da waɗannan kaɗai mutum zai iya buɗe shafi da sunanka, ya bi danginka yana roƙon a aiko masa jika goma saboda kana kwance asibiti. Tallafin karatu na gaskiya ta hannun ANAB, wato hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, ko ofishin jami'a yake bi, can ake kai takardu. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 tana hukunta irin wannan damfara, amma kafin a kai ga kotu an riga an cuci mutanenka. Ka kuma shiga saitin WhatsApp ka taƙaita masu ganin hotonka ga waɗanda ke cikin lambobinka.

Baban Yara:
Ɗana, a ganina abin da ya sa kake sakin baki a waya shi ne babu idon da ke kallonka, shi ya sa ba ka auna abin da kake bayarwa. Ka nemi fadar samarin unguwarku ka karɓi aikin dafa shayi. Mai riƙe da buta ba a jiran dogon zance daga gare shi, yana fifita gawayi yana saurare, kuma duk wanda ya miƙa wa kofi sai sun yi magana ko da kalma biyu ce.

Ɗan Bagalam:
Na gode, Baba da Yaya. Na ce masa zan kai takardun da kaina, na kuma nemi ya faɗa mini ofishin. Har yanzu bai amsa ba.