Muzurun nan Garfield da shugaban Amurka: mece ce alaƙarsu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Na saya wa 'yata jakar makaranta mai hoton wani ƙaton muzuru mai launin ruwan lemo da ratsin baƙi a gadon baya, idanunsa a lumshe kamar barci bai sake shi ba, an rubuta Garfield a ƙasansa. Da ta matsa mini da tambaya sai na nemi sunan a intanet, amma hoton da ya fara fitowa na wani dattijo ne mai cikar gemu, an ce shugaban Amurka ne. Shin muzurun ne ya ci sunansa, ko kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai alaƙa, sai dai ta wajen kaka ta biyo. Wanda ya ƙirƙiro muzurun shi ne Jim Davis, mutumin jihar Indiyana da ya tashi a gona cikin kyanwoyi, kuma zanen barkwancin nasa ya fara fita a jaridu 41 ranar 19 ga Yuni 1978. Sunan kakansa James Garfield Davis, wanda iyayensa suka yi wa shugaban takwara, shi kuma jikan ya ɗauki sunan kakan ya sa wa muzurunsa. Abin da muzurun ya shahara da shi shi ne ragwanci, da ƙin ranar Litinin, da kwaɗayin lasagna, wato taliya mai faɗi da ake gasawa da nama da cuku.

Malamin Tarihi:
Ina so in ƙara a kan bayanin Baban Khalil, domin yana damuna yadda zanen ya rufe mutumin da ya fi cancanta a san shi. James Garfield shi ne shugaban Amurka na 20, an haife shi a 1831 a wani ɗakin katako a jihar Ohayo, ya tashi maraya cikin talauci, ya yi aikin koyarwa, sannan ya kai muƙamin janar a yaƙin basasa. An rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1881, kuma ranar 2 ga Yuli wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya nemi a naɗa shi wakilin Amurka a Faris bai samu ba, ya harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Washinton.

Bai rasu nan take ba. Likitoci sun yi ta cusa yatsu da kayan aiki marasa tsafta cikin raunin suna lalubar harsashi, har Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro wayar tarho, ya zo da na'urar gano ƙarfe amma ba ta nuna inda yake ba. Raunin ya ruɓe, ya yi ta jinya har ya rasu ranar 19 ga Satumba. Kisansa ne ya zaburar da majalisa ta yi dokar 1883 da ta sa aka fara ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa maimakon alfarmar siyasa.

Ɗan Wasanni:
Hajiya, idan 'yarki ta ci gaba da bincike za ta haɗu da Garfield Sobers, gwarzon wasan kurket na tsibirin Babados, da kuma birnin Garfield a jihar New Jersey, wanda aka sa wa sunan shugaban.

Maman Ilham:
Na gode muku ƙwarai. Yau da dare zan fara ba ta labarin kakan, na shugaban kuma sai ta ƙara wayo.