Neman kalma: me za mu kira taswirar tofogirafi da Hausa?

Jama'a ina neman taimako. Jiya na kwana ina kallon tsofaffin taswirorin duwatsun Brooks na arewacin Alaska, can inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, sai na zo zan yi wa ƙanena bayani na rasa sunan irin wannan taswira da Hausa. Tofogirafi dai ba ta zauna a baki ba wallahi.

Ba taswirar iyakoki ba ce fa, ita tana nuna maka ina ne tudu, ina kwazazzabo, ina kogi ya ratsa. Hukumar safiyo ta Amurka, USGS, ta buga na yankin a shekarun 1950, kuma abin dariya taswirorinta biyu sun saɓa wa juna kan Dutsen Isto, ɗaya ta ce ƙafa 8,975 ɗaya ta ce 9,050, shi ya sa aka daɗe ana gardama ko shi ne mafi tsayi ko Dutsen Chamberlin, sai a 2014 aka sake aunawa daga jirgin sama, Isto ya ci, Chamberlin ma na uku ya zo.

Wani ya ce taswirar yanayin ƙasa. A'a, da ka ce yanayi hankalin mutum ya tafi ruwan sama da hunturu. Wani malamin jogirafi ya kawo taswirar shimfiɗar ƙasa, ba laifi, amma shimfiɗa ai fili ne, mu kuwa tsaunuka muke magana.

Ni dai na fi karkata ga taswirar tudu da kwari. Ko kakata na faɗa wa za ta gane.

Saura layukan nan masu zagaye-zagaye da ke cikinta. Ka taɓa lura da tafki in rani ya yi, ruwa na janyewa yana barin zobe-zobe a gaɓa, kowane zobe duk inda ka bi shi tsayinsa ɗaya? To su ke nan. In sun matse juna hawa ne mai tsauri, in sun ware ƙasa ta kwanta. In an kira su layin daidaiton tsayi, sunan ya yi tsawo, kafin ka gama faɗa ɗalibi ya yi barci. Zoben tsayi nake ba da shawara.

Wanda yake da wadda ta fi ya kawo, amma ni gobe da zoben tsayi zan koya wa yaron nan.