Shawarwarin da aka ba ɗan ƙanina mai kaɗa jita

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura an yi ta kai-kawo kan ɗan ƙanina, yaron nan da ke rubuta waƙarsa da kansa yana kaɗa jitar lantarki, salon rok ne amma in ka saurara da kyau za ka ji ƙamshin kiɗan 'yan Agadas a ciki. Ba ubangida ba kamfani, daga shi sai abokinsa mai ganga.

Maganar kuɗi aka fi daɗewa a kai. Wani ya ce masa kar ya sa rai da YouTube tun yanzu don ba sa fara biyan kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, shi kuma Spotify duk da ya shigo Najeriya tun 2021 ba ka ɗora waƙa kai tsaye sai ta hannun kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da ake biya da dala, to gara ya fara da Audiomack da TikTok da WhatsApp inda mutanenmu suke.

Kawu ya ce, yaro kar ka kuskura ka saki ɗinkin nan naka. Ni ma nan na tsaya wallahi, tsirkiyar jita kaɗai in ta tsinke sai ya aika Kano.

Sai batun situdiyo, duk wanda zai haɗa masa kiɗa su rubuta a takarda waye mai waƙar, da shaida. An taɓa riƙe masa waƙa uku kan ɗan cikon kuɗi.

Ko ya yi da Hausa ko Turanci kam ba a daidaita ba, kiran magariba ya tashe mu.